Abotar Marubuci da Ɗan Jarida ta Hanyar Wasiƙa: Fa'idodi da Illoli

A ƙasar Gumel wasiƙa ta daɗe tana kaiwa inda ƙafa ba ta iya zuwa. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, mutumin Ɗanzomo da ke da ɗan'uwa a Kano ko Ikko yakan kira ɗan makaranta ya rubuta masa takarda, a buɗe da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, a rufe da haza wassalam. Daga nan a liƙa mata kan sarki a kai gidan waya, ko a damƙa wa direba, ko wani da zai hau jirgi a tashar Gagarawa, kan layin dogon Kano zuwa Nguru. Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar Maigatari ke ci, saƙo kan ƙetara zuwa Nijar a aljihun fatake. Yawancin waɗannan takardu ba su wuce zancen lafiyar gida da damina da ɗan abin da za a aiko ba.

Akwai kuma wasiƙar da ta fi wannan nauyi, wadda ke kai da komo shekara da shekaru tsakanin mutum biyu da alƙalami ne abin neman abincinsu, ɗaya marubucin littafi, ɗaya ɗan jarida. Sana'o'in biyu suna kama da juna, amma tarbiyyarsu ta bambanta. Marubuci ya saba riƙe magana har ta nuna kafin ya fitar. Ɗan jarida kuwa an horar da shi ya fitar da ita tun da zafinta, kafin wani ya riga shi. Mafi yawan alheri da mafi yawan matsalar irin wannan abota daga wannan bambanci suke tasowa.

Misali mafi kusa a ƙasar Hausa shi ne na Abubakar Imam da Dokta Rupert East. A 1933 East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya aika da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Hulɗarsu ta ci gaba ta hanyar takardu tsakanin Katsina da Zariya, ta kai ga Magana Jari Ce, ta kai ga kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, inda Imam ya zama edita. A nan marubucin ne da kansa ya rikiɗe ya zama ɗan jarida, kuma sun daɗe suna aiki a wuri guda, don haka misalin bai cika sharaɗin abotar nesa ɗari bisa ɗari ba. Duk da haka yana nuna abubuwa da dama, kuma za a haɗa shi da wasu misalai daga wajen ƙasar nan.

Batun bai tsufa ba. Matashin da ke rubutu yau a Ɗanzomo ko Sule Tankarkar yana nesa da jaridu da kamfanonin ɗab'i, waɗanda suka taru a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja. In yana da abokin da ke aikin jarida, to galibi ta imel da dogayen saƙonnin waya suke zumunci. Takarda ta koma allon waya, amma abin da za a auna bai sake ba.

Fa'idodi

Ta farko ita ce samun mai karatu na farko da ya san aikin. Marubuci a ƙaramin gari ba ya rasa masu yabo, abin da yakan rasa shi ne wanda zai ce masa wannan babi ya yi tsawo, wancan mutumin cikin labarin bai da dalilin yin abin da ya yi. Ɗan jarida ya saba da yanka da datsa, kullum yana fama da ƙarancin fili, don haka idonsa na saurin ganin kitse a jikin rubutu. Gyaran da ya zo a rubuce kuma ya fi na baki sauƙin haɗiya. Mutum zai karanta ya ji haushi, ya ajiye, bayan kwana biyu ya sake ɗauka ya ga gaskiyar da ke ciki, ba tare da an gan shi yana sauko da kai ba. Imam ya samu irin wannan ido a wurin East. Da aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 don rubuta littattafan karatun makaranta, East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ya kuma bi aikin yana dubawa, har aka samu Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Sai dai ba kowane ɗan jarida ne ya iya karanta adabi ba. Wanda ya ƙware a rahoton kasafin kuɗi yana iya datse wa labari daidai wurin da ransa yake.

Ta biyu ita ce rage kaɗaici. Misalin Bessie Head ya dace da mai rubutu a ƙauye. Ta bar Afirka ta Kudu a 1964, ta zauna a garin Serowe na Botsuwana a matsayin 'yar gudun hijira, ba ta samu takardar zama 'yar ƙasa ba sai 1979. A tsawon waɗannan shekaru ta yi ta rubuta wa Randolph Vigne, editan mujallar The New African, wanda shi ma ya tsere daga mulkin wariyar launin fata ya koma Landan. A cikin talauci da rashin tabbas ta rubuta littattafan da suka fito da sunanta, kuma wasiƙun sun kasance wurin da take sauke abin da ke ranta, take gwada tunani kafin ya shiga littafi. Ba za a ce wasiƙa ce ta yi mata littattafan ba, kuma ba ta raba ta da talauci ba. Abin da za a iya cewa shi ne ta samu wanda ke sauraro a lokacin da masu sauraro suka yi ƙaranci.

Ta uku, hanya zuwa ga jama'a. Ɗan jarida ya san wane edita ke karɓar gajeren labari, wane shafi ke buga waƙa, wane gidan rediyo ke hira da marubuta. Kalma ɗaya daga bakinsa tana iya fitar da rubutu daga ƙasan tari zuwa saman tebur. Wanda ke Kano yana iya takawa da ƙafarsa ya gabatar da kansa, wanda ke Ɗanzomo kuwa kowace tafiya kuɗin mota ce da asarar yini, don haka abokin da ke cikin gari yana rage masa wani gibi da ba laifinsa ba ne. A wannan fuska abotar tana gyara rashin daidaito. Ta wata fuskar kuma tana haifar da sabo, kamar yadda za a gani a sashe na biyu.

Ta huɗu ta ɗan jarida ce, kuma ba a cika ambatonta ba. Aikin jarida na sa mutum ya riƙa kallon ƙasa daga ofis da taron manema labarai. Da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, labarin a Abuja na shinkafa ne da fasa-ƙwauri da kuɗin shiga. A Maigatari labarin na dillalin da ya rasa masu kawo raƙuma da shanu ne, da mai abincin da cinikinta ya dogara da ranar kasuwa, da dangin da iyaka ta raba. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a watan Disambar 2020, sannan aka sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Ɗan jaridar da ke da abokin da ke zaune a yankin, mai ido da iya bayani, yana samun abin da ziyarar yini ɗaya ba ta bayarwa. Haka nan harshensa na amfana. Hausar ɗakin labarai takan cika da fassarar gaggawa daga Turanci, kuma karanta doguwar takarda daga wanda ke zaune cikin masu harshen yana maido wa mutum kunnensa. Iyakar abin ita ce, marubuci mutum ɗaya ne mai nasa ra'ayi. Wasiƙarsa tana nuna inda ya kamata a bincika, ba ta ɗauke wa ɗan jarida nauyin binciken.

Ta biyar ita ce abin da ake bar wa tarihi. Hirar baki tana tafiya da masu yinta, takarda tana saura. Wannan yanki ya san haka tun kafin zuwan Turawa. Muhawarar da aka yi a rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno a kan halaccin jihadi ta iso ga na baya ne saboda Bello ya shigar da takardun cikin Infaƙul Maisuri, kuma masarautar Gumel, wadda ta kasance a ɓangaren Borno, tana cikin ƙasashen da wannan tarihi ya shafa. Waccan ba abota ba ce, jayayya ce, amma darasin adanawa ɗaya ne. A zamanin baya-bayan nan, bayan tafiyar Imam Ingila a 1943 tare da ayarin editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa bayani a kan halin da Arewa ke ciki. Irin waɗannan takardu, da Abdurrahman Mora ya tattara cikin littafin tarihin rayuwar Imam da aka buga a Zariya a 1989, suna nuna wa mai nazari abubuwan da shafin jaridar gwamnati ba zai iya ɗauka ba a wancan lokaci. Wasiƙa tsakanin marubuci da ɗan jarida ta fi sauran daraja ta wannan fuska, domin ɗaya ya san abin da ke faruwa a bayan fage, ɗaya kuma ya iya bayyana yadda abin ke taɓa mutane.

Ta shida tana bayyana ne a ranar tsanani. Lokacin da gwamnatin Abacha ta tsare Ken Saro-Wiwa, takardun da aka riƙa fitarwa a ɓoye daga inda yake tsare sun isa ga abokansa a waje, cikinsu har da marubucin Birtaniya William Boyd, wanda ya yi amfani da jaridun ƙasarsa wajen bayyana halin da ake ciki. Aboki mai hanyar shiga jarida yana zama murya ga wanda aka rufe wa baki. Amma adalci ya sa a faɗi ƙarshen labarin: an rataye Saro-Wiwa ranar 10 ga Nuwamban 1995. Abotar ta sa duniya ta sani, ba ta iya ceton ransa ba.

Akwai kuma wata ƙarama. Nisa kan kare abota daga ƙananan saɓanin yau da kullum, na rance da jinkirin alkawari da tsegumin majalisa. Mutum biyu da ba za su iya zaman sa'a guda ba tare da gardama ba suna iya shafe shekaru suna musayar takardu cikin mutunci, saboda kowa na da lokacin sanyaya zuciya kafin ya ba da amsa.

Illoli

Babbar illa ita ce ta sirri, kuma tana cikin ƙashin abotar, ba daga mugun nufi take zuwa ba. Marubuci yana rubuta wa aboki, amma wanda ke karantawa aboki ne kuma ɗan jarida a lokaci guda, kuma ba ya iya cire rigar aikinsa gaba ɗaya. Abin da aka faɗa masa cikin amana yana iya zama labari mafi girma da ya taɓa riƙewa. Ernest Hemingway ya haɗu da A. E. Hotchner a Kyuba a 1948, lokacin da wata mujallar Amurka ta aiko Hotchner wurinsa, suka ƙulla abota ta tafiye-tafiye da wasiƙu har rasuwar Hemingway a 1961. A 1966 Hotchner ya fitar da littafi a kan abokinsa, ya bayyana hirarrakinsu da taɓuwar hankalin da ta same shi a ƙarshen rayuwa. Matar Hemingway, Mary, ta kai ƙara don a hana littafin, kotun ƙoli ta jihar New York ta yanke hukunci a 1968 ba ta ba ta gaskiya ba. Har yau ana iya kallon lamarin ta fuska biyu. Masu nazari sun amfana da abin da Hotchner ya adana, kuma bai zo da ƙiyayya ba. Iyalin kuwa sun ga an buɗe abin da mai shi bai ba da izinin buɗewa ba. Dukkan ɓangarorin suna da hujja, abin da babu shi ne yarjejeniya tun mai maganar yana raye.

Ta biyu tana kan mai karatun jarida, wanda ba ya cikin abotar amma shi ke biyan kuɗinta. Idan ɗan jarida ya yi sharhi a kan littafin amininsa, da wuya ya auna shi da ma'aunin da zai auna na baƙo. Ko bai yi ƙarya ba, zai daɗe a kan kyawawan wurare ya wuce raunin da sauri. Mai karatu bai san da alaƙar ba, sai ya ɗauki yabon a matsayin hukuncin wanda ba ruwansa. A fagen adabin Hausa, inda marubuta da masu sharhi da masu gabatar da shirye-shirye kusan duk sun san juna, kuma bikin ƙaddamar da littafi ya saba da yabo zalla, wannan haɗari ba ƙarami ba ne. Wanda ya fi cutuwa shi ne marubucin da ba shi da aboki a ko'ina, wataƙila ma maƙwabcin wancan ne a gari ɗaya, kuma ya fi shi iya rubutu. Ƙofar da aka buɗe wa ɗaya ba a buɗe wa ɗayan ba. Idan kuma ɗan jaridar ya zaɓi faɗin gaskiya a bainar jama'a, yana iya rasa abokin. Muhawarar da aka yi a shafukan New Nigerian a shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da wasu suka shiga, ta nuna cewa ana iya yin zazzafar suka a fili tsakanin mutanen da suka san juna, kuma adabi ya ƙaru. Amma hakan na buƙatar juriyar da ba kowa ke da ita ba. Mafita mafi sauƙi, wato ɗan jarida ya faɗi alaƙar ko ya miƙa littafin ga wani, sananniya ce, aiki da ita ne ke da wuya.

Ta uku ita ce sabo ya kai mutum ga yin magana da yawun abokinsa. Gabriel Garcia Marquez na Kolombiya da ɗan jarida Plinio Apuleyo Mendoza sun yi abota ta shekaru da dama, sun yi zaman wahala tare a Faris, sun yi aikin jarida tare a Karakas. A 1971, da gwamnatin Kyuba ta tsare mawaƙi Heberto Padilla, wasu marubuta suka shirya takardar ƙorafi zuwa ga Fidel Castro. Mendoza ya nemi abokinsa bai same shi ba, sai ya sa sunansa a takardar bisa zaton ya san ra'ayinsa. Ashe bai sani ba. Marquez bai yarda da matakin ba, kuma daga nan hanyoyinsu na siyasa suka rabu, ko da yake abotar ta ɗore, har suka fitar da littafin hira tare a 1982. Shekarun musayar takardu suna sa mutum ya ji kamar ya haddace zuciyar ɗan'uwansa, alhali abin da ya sani shi ne abin da aka zaɓa aka rubuta masa.

Ta huɗu, rashin daidaiton ƙarfi. Ba kasafai abokan biyu ke tsaye a mataki ɗaya ba. East jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne, a hannunsa maɗaba'a take, shi ke yanke abin da za a buga. Imam malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da suka fara hulɗa. Shawarar da ta fito daga wanda ke riƙe da hanyar bugawa ba shawara ce kawai ba, ko da an faɗe ta cikin ladabi. Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tattauna yawan tasirin East a kan siffar da ƙagaggen labarin Hausa ya ɗauka tun farko, da irin littattafan waje da aka ɗora shi a kai. Wasu na ganin horo ne da ya haifar da gwani, wasu na ganin an karkatar da ruwa zuwa wata hanya tun daga tushe. Babu mai musun cewa Imam ya mayar da abin da aka ba shi nasa, da Hausar da har yau ake koyi da ita. Amma ba kowane matashi ne Imam ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya wayar gari yana rubuta abin da zai burge mutum ɗaya, ya manta da mutanen da ya fara rubutu dominsu.

Ta biyar ta shafi aikin kansa. Doguwar wasiƙa tana cin lokaci da kuzari irin wanda littafi ke buƙata, kuma ta fi littafi daɗin rubutawa, don amsa na zuwa da wuri. Akwai marubutan da kan ba da labarin littafinsu a wasiƙa har sha'awar rubuta shi ta mutu. Saƙon waya ya ƙara tsananta wannan, tun da ba a jiran mako biyu kafin amsa ta iso.

Ta shida tana rage darajar fa'idar tarihi da aka ambata. Da zarar mutum biyu sun san cewa sunansu ya fara fita, sukan fara rubutu da tunanin wanda zai karanta bayan mutuwarsu. Wasiƙar sai ta zama wurin gyara suna da ramuwa a kan abokan hamayya. Sau da yawa kuma ɓangare ɗaya ne ke tsira, domin ɗaya mai adanawa ne, ɗaya mai zubarwa. Wanda ya adana shi ke zaɓar abin da za a buga, shi ke rubuta gabatarwa. Mai nazarin da ya ɗauki wasiƙa a matsayin gaskiya tsantsa, don kawai ba a rubuta ta domin jarida ba, yana iya ruɗuwa fiye da wanda ya karanta jaridar.

Ta bakwai ita ce abin da rubutu ba ya iya ɗauka. Babu murya, babu fuska, sai wasa ya koma zagi, gajeriyar amsa ta koma fushi, shiru na rashin lafiya ya koma wulaƙanci. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma a garuruwa irin su Ɗanzomo har yau da wannan ake auna aboki: wa ya zo ta'aziyya, wa ya zo suna, wa ya duba mara lafiya. Abokin takarda yana iya sanin zurfin tunanin mutum fiye da kowa, amma iyalinsa ba su san fuskarsa ba. Wannan ba ya soke abotar, yana dai nuna iyakarta, kuma wanda ya jingina da ita kaɗai yana iya sakaci da na kusa.

Ta takwas, haɗarin hukuma. Ɗan jarida mutum ne da ake bincike, kuma duk abin da ke cikin durowarsa ko wayarsa yana iya faɗawa hannun da ba a nufa ba. A 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda saboda labarin da suka buga. A yau dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta sha zama hanyar kama 'yan jarida, kuma waya na cikin abin da ake fara karɓewa. Marubucin da ya saki baki a kan wani mai mulki cikin saƙon sirri yana iya samun kansa cikin shari'ar da ba tasa ba. Ko babu hukuma, ɗaukar hoton saƙo a yaɗa shi aikin daƙiƙa ne, abin da takardar da ke cikin adaka ba ta taɓa fuskanta ba.

Akwai illar da ta fi faɗa wa mata. Kaso mai yawa na marubutan Hausa na yau mata ne, kuma doguwar musayar saƙo tsakanin marubuciya da ɗan jarida namiji, ko da ba ta wuce zancen aiki ba, tana iya jawo zargi a gida da tsegumi a gari. Wannan ba hujja ba ce ta hana mace neman mai duba mata rubutu, amma nauyi ne da ita ke ɗauka fiye da abokin hulɗarta, kuma duk lissafin da bai sa shi ba bai cika ba. Wasu kan bi ta ƙungiyoyin marubuta, ko su yi hulɗar da sanin iyali, don rage wannan nauyi.

Ta ƙarshe tana zuwa bayan mutuwa. Bessie Head ta rasu a 1986, Vigne ya buga wasiƙunta a 1991, takardunta kuma suna gidan tarihi na Khama III a Serowe. Masu karatu sun ƙara fahimtar littattafanta, amma sun kuma ga lokutan rashin lafiyarta da maganganun da ta yi a kan mutanen da ke raye. A ƙaramin gari, inda sunan da aka ambata a takarda kakan wani ne ko surukin wani, irin wannan bugu yana iya tayar da abin da ya daɗe da kwanciya. Magada kan tsinci kansu tsakanin ƙonewa, wanda asara ce ga tarihi, da bugawa, wanda zai iya ɓata zumunci. Mafi yawan lokaci ma ba su kai ga zaɓi ba, gara da yoyon ɗaki sun riga su yanke hukunci, ko wayar ta lalace da duk abin da ke cikinta.

Wanda zai auna waɗannan zai lura cewa yawancin fa'idodin suna zuwa da wuri, masu abotar na raye suna morarsu, illolin kuwa sukan jinkirta, wasu ma sai sun faɗa kan mutanen da ba a yi shawara da su ba. Ko wannan ya isa a yi taka-tsantsan ko bai isa ba, ya danganta da wane ne abokin, da abin da ake rubutawa, da matsayin kowannensu, kuma mai abin ne ya san waɗannan. Abu ɗaya dai yana da kyau a sani kafin yanke shawara. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya wasiƙa na cikin ayyukan adabi. Takardar tana hannun wanda aka aika wa, amma haƙƙin buga kalmomin na wanda ya rubuta ne, kuma yana wucewa ga magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Mai riƙe da irin waɗannan takardu a Gumel ko Ɗanzomo, in yana son a adana su ba tare da an buga ba, yana iya tuntuɓar Arewa House ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, dukkansu a Kaduna, bayan ya nemi yardar wanda ya rubuto su ko iyalinsa.